Mako guda a barga kafin ranar sukuwa

A majalisarmu ta wajen Ƙofar Ƙaura an daɗe ana yi mini dariya kan maganar dawaki. Duk lokacin da za a yi sukuwa kowa zai faɗi dokinsa, ni ma in faɗi nawa, kuma kusan kullum nawa ne ke shigowa bayan ƙura ta lafa. Ba kuɗi muke sawa ba, wannan caca ce, babu mai yarda a kawo ta majalisar. Abin da ake ci shi ne baki: wanda dokinsa ya zo na ɗaya zai yi mako yana shan shayi da ɗaga kafaɗa, wanda nasa ya zo na ƙarshe kuwa ko gaisuwa ya yi sai an tambaye shi lafiyar dokin. Ni dai zaɓena bai wuce ido ba. In na ga ingarma fari tas, wuya a lanƙwashe, yana haƙa ƙasa da kofato, sai in ce magana ta ƙare.

Da sanyin bara, da aka sa ranar wata sukuwa a nan Katsina, na ce wannan karon sai na je wurin masu abin. Ƙanen mahaifiyata ya yi fiye da shekara talatin yana ɗan barga a gidan wani attajiri. Yanzu ƙarfi ya ja baya, amma har gobe in mutum zai sayi doki a kasuwar Mai'aduwa ko ta Maigatari, yakan zo ya ɗauke shi a mota don ya duba masa. Na same shi bayan la'asar a zaure yana gyaran wata tsohuwar ragama. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye ɗan goron da na riƙo, na ce, "Kawu, so nake ka faɗa mini dokin da zai ci ranar Asabar."

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Wace Asabar? Wane gudu? Da wa da wa za su yi?"

Na yi shiru, don ban sani ba.

"To ka gani. Kai doki kake nema, ba ka san fagen ba. Tafi ka samo mani sunayen waɗanda aka rubuta, da ajin kowane, da nisan da za su yi. In ka samo, ka ishe ni nan gobe kafin kiran assalatu. Da babur ɗinka."

Wannan shi ne aikin farko, kuma ya fi yadda na zata wuya. Sai da na bi ta hannun wani abokin makaranta da ke cikin masu shirya abin kafin ya turo mini hoton takardar ta WhatsApp da daddare. A nan na fara gane cewa abin da nake kallo shekara da shekaru a matsayin gudu ɗaya, gudu ne kala-kala. Ba a haɗa dawakin Arewa, irin namu na gida, da 'yan Sudan masu dogayen ƙafafu a layi ɗaya. Akwai kuma ajin dawakin Turawa na asali da ake sayowa da tsada daga waje. Su waɗannan na ƙarshe, duk inda suke a duniya, salsalarsu ta wajen uba tana komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga ƙasashen gabas shekaru wajen 300 da suka wuce, kuma a rubuce asalin kowanne yake. Namu kuwa asalinsu a bakin dillali yake, shi ya sa ido da hannu suka fi takarda amfani a nan. Sai kuma nisa: akwai gajeren gudu na mita 1,000 ko 1,200, akwai mil guda, wato wajen mita 1,600, akwai dogo da ya kai 2,000 ko fiye. Na zaɓi gudu biyu zan bi, gajere na dawakin Arewa da na mil guda na 'yan Sudan. Na biyun shi ne wanda gari ke magana a kai, saboda wani kili, wato farin doki, da ya ci sau biyu a jere a baya.

Da asuba na goya Kawu muka nufi bayan gari inda ake fitar da dawaki kilisa. Hazo ya rufe ko'ina, sanyi na shiga har ƙashi, ni na ƙudundune cikin rigar sanyi, shi kuwa rawani kawai ya ja ya rufe hanci. Na fito da waya zan kunna agogon auna gudu, ya ce in mayar aljihu tukuna. Muka tsaya gefe har aka wuce da dawaki huɗu da ke cikin gudun mil ɗin, ana jan su a hankali: kilin nan da kowa ke yabo, da wani bidi siriri da aka kawo daga Maraɗi, da akawal, wato baƙin doki, na wani ɗan kasuwa, da wani danda mai fararen ƙafafu. Da suka wuce sai ya ja hannuna, ba wajen dawakin ba, wajen sawunsu.

Ya tsuguna a kan yashi ya nuna mini da tsinke. Doki in yana tafiya, ƙafar baya takan sauka kusa da inda ta gaba ta tashi. A wani dokin sawun baya yakan faɗa cikin na gaba daidai, a wani ya gaza kaiwa, a wani kuma ya zarce shi. Sawun bidin nan ya zarce na gaba da kusan tafin hannu guda, kuma haka yake dama da hagu, kamar an auna. Na kilin yana faɗawa cikin na gaba ne, ba ya wucewa. Na dandan kuwa, na dama ya zarce, na hagu ya gaza da kamar yatsa uku. Kawu ya daɗe a kan wannan. Ya bi sawun taku goma sha, yana auna kowanne da tsinken, sannan ya ce, "Wanga shina ɓoye wani abu a ƙafar hagu ta baya. Bai kai ga ɗingishi ba, mai shi ma ƙila bai lura ba. Amma ƙasa ta lura." Ni da na ga dandan ya wuce ta gabana minti biyar da suka shige, wallahi ban ga komai ba sai kyan fararen ƙafafunsa.

Dalilin da ya sa ake duba wannan, in ji shi, ƙarfin gudu daga baya yake fitowa. Ƙafafun gaba tallafe nauyi suke yi, na baya ke tura doki. Wanda ke kai ƙafar baya can ƙarƙashin cikinsa tun yana tafiyar hankali, in ya buɗe gudu takunsa zai yi tsawo, ya ci ƙasa da yawa ba tare da ya yawaita taku ba.

Sai da rana ta fara hudowa aka sake su. Nan ya ce in fito da wayar. Aka zuba kilin shi kaɗai, ya taho kamar an harbo kibiya, yashi na tashi a bayansa, yaran da suka taru suna ihu. Gaskiya jikina ya yi sanyi, na ce a raina wa zai kama wannan? Na nuna wa Kawu lokacin da na ɗauka. Ya ce, "Doki ɗaya a fage gudu gare shi. Bar agogon nan, zo ka ga abin da nike son ka gani."

Muka matsa inda aka tsayar da shi, ba kusa sosai ba. Ya ce in dubi haƙarƙarinsa da hancinsa, in riƙa ƙirga numfashi. Doki ta hanci kaɗai yake shaƙar iska, ba ya iya buɗe baki ya yi haki irin na kare, kuma in yana sukuwa numfashinsa a ɗaure yake da takunsa, taku ɗaya numfashi ɗaya. Zuciyar da ke bugawa sau talatin da wani abu a minti in yana turke, takan haura 200 in ya buɗe wuta. Saboda haka kowane doki zai yi haki bayan gudu, wannan ba abin dubawa ba ne. Abin dubawa shi ne tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya dawo daidai. Kilin nan ya yi mita wajen 800 ne kawai, amma bayan minti goma cikinsa na ta bugawa kamar zugazugin maƙeri, hancin a buɗe ja wur, kansa a ƙasa. Bidin ya yi nisan da ya fi haka, a guje amma ba a matse shi ba, kafin minti biyar ya ɗago kai yana kallon wata goɗiya da ake wucewa da ita, har yana neman fizge ragama. Akawal ɗin ma ya dawo da wuri, sai dai yaron da ke kansa ya yi ta kokawa da shi tun daga farko har ƙarshe, yana ja yana saki, dokin na wurga kai sama. Na rubuta a littafina: akawal ba ya jin linzami. Kawu ya leƙa abin da na rubuta, ya yi wani ɗan murmushi, bai ce komai ba.

A hanyar dawowa na tambaye shi yadda kilin ya ci sau biyu in haka numfashinsa yake. Ya ce in duba nisan da ya ci. Na duba da na isa gida: duka biyun mita 1,000 ne. Yanzu mai shi, da daɗin nasara ya ɗebe shi, ya rubuta shi a mil guda. Mita 600 ɗin da aka ƙara, su ne duk labarin.

Kwana biyu da suka biyo baya a barguna muka yi su, kuma ba don Kawu ba ko ƙofa ba zan gani ba. Mai doki ba ya son baƙuwar fuska kusa da turke in sukuwa ta matso. Wani tsoron baki yake, wani tsoron a ba dokin wani abu a ɓoye, kuma duk wanda ka duba za ka ga laya a wuyansa ko a ɗaure cikin geza. Tun a hanya Kawu ya gargaɗe ni: kada in yabi doki ban ce tubarkalla ba, kada in miƙa hannu sai an ce in taɓa, kada in tambayi abin da ake ba shi. "In sun so su faɗi, za su faɗi. In ba su faɗi ba, komi zai faɗi."

Haka kuwa aka yi. Yana shiga, bayan gaisuwa da tambayar iyali, idonsa na kan komin abinci. Dokin da ke cikin lafiya kuma aikin da ake ba shi bai fi ƙarfinsa ba, yakan share dawarsa da dusarsa tas, ya koma kan harawa. Wanda aka matsa wa da gudu fiye da kima, abinci yake fara bari. A bargar kilin mun tarar da ragowar dawa a komi wajen ƙarfe goma na safe, ɗan bargar ya yi saurin cewa yanzu aka ƙara masa. Wataƙila gaskiya ne. Daga nan sai kashi, wanda ni da ƙyama nake tsallakewa. Kawu har da sa ƙafa ya fasa: ya kamata ya fito dunƙule-dunƙule, da ɗan danshi, ya fashe in ya faɗi. In ya bushe ƙwarai dokin ba ya shan ruwa yadda ya kamata, abin da ke yawan faruwa da hunturu in ruwan ya yi sanyi. In ya yi ruwa-ruwa, ko an canza masa abinci ne ko hankalinsa ba a kwance yake ba. Ya kama fatar wuyan bidin ya ja ya saki, ta koma nan take. Ya ɗaga leɓensa ya dubi dasashi, ya danna da yatsa, wurin ya yi fari ya koma ja kafin in ƙifta ido sau biyu.

Da yake bakin a buɗe yake, ya nuna mini haƙora. Doki yakan zubar da haƙoran nono na tsakiya yana da shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, in ya cika biyar baki ya cika. Bidin bakinsa bai daɗe da cika ba, wato yana cikin ganiyar ƙarfinsa. Akawal ya ɗan girme shi. Dillali zai iya rage wa doki shekara uku a baki, in ji Kawu, amma ba a bakin dokin ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙafa. A bargar dandan, bayan an daɗe ana hira, mai shi da kansa ya ce, "Baba, ɗan duba mani shi mana." Kawu ya shafa wuyan dokin, ya bi kafaɗa, ya gangara da tafin hannu a hankali har bayan ƙwauri inda jijiya take, ya yi haka a ƙafafu huɗun. Sannan ya kama hannuna ya ɗora a ƙafar dama ta baya: sanyi, jijiyar a miƙe kamar igiyar gurmi. Ya mayar da shi ta hagu, can ƙasa kusa da gaɓa: ɗumi, da ɗan taushi kamar an cusa auduga a ƙarƙashin fata. Bambancin kaɗan ne, in da ni kaɗai ne ba zan ji ba. Ya faɗa wa mai dokin gaskiya, ya ce a bar shi ya huta, a riƙa zuba wa ƙafar ruwan sanyi. Mutumin ya yi godiya, ya raka mu har waje. Ranar Asabar kuma sai ga dandan a fili. Kuɗin rajista da ya biya da kunyar abokai sun fi masa maganar tsoho nauyi, kuma irin wannan ne ke ɓata doki mai kyau har abada. Na ji haushin abin fiye da yadda na zata zan ji.

Da daddare na ba wani malami da muke sallah tare labarin abin da nake koyo, sai ya ce ai wannan tsohon ilimi ne. Ya kawo hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tsere a Madina tsakanin dawakin da aka horar daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Na farkon mil biyar ne ko shida, na biyun wajen mil guda. Horon kuwa shi ne a ciyar da doki har ya yi ƙiba, sannan a rage masa abinci, a lulluɓe shi ya yi ta gumi har kitsen ya zube ya bar tsoka. Da na maimaita wa Kawu washegari, ya ce shi bai yi karatu mai zurfi ba, amma abin da yake ta nuna mini ke nan: kowane doki da nisansa, kuma mai ƙiba ba na dogon zango ba ne. Kilin nan, in ka shafa haƙarƙarinsa, sai ka danna kafin ka ji ƙashi. Na hawan salla ne, a sa masa kayan ado a wuce Ƙofar Soro da shi.

Daga nan hira ta ɗauke shi, kamar yadda takan ɗauke duk tsohon Bakatsine in an taɓo doki. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya dasa son sukuwa da folo, wato ƙwallon dawaki, irin na zamani a garin nan, bayan ya je Ingila a 1921 ya ga yadda suke yi. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, da ya gaje shi har zuwa 1981, ya kai matakin gwaninta na bakwai a folo, abin da har yau ake ambato in ana lissafin gwanayen Afirka. Kawu ya ce yana saurayi ya sha ganin Nagogo a kan doki, kuma abin da ya riƙe ba ƙarfi ba ne, hannu ne: linzami a hannunsa kamar zare, doki na juyawa ba ka ga lokacin da aka ce ya juya ba. Ya faɗi wannan yana kallona. Ni kuwa na ɗauka labarin da ne kawai.

Ranar Juma'a da yamma labari ya zo majalisa cewa mai akawal ya sauke yaron da ke hawansa, ya ɗauko wani mahayi daga Damagaram, mutum ne ba yaro ba, amma ɗan firit kamar a hure shi. Na ji, na ce to, na ci gaba da shan shayina. A littafina an riga an rubuta akawal ba ya jin linzami. A daren na sanar da zaɓena a gaban kowa: bidi a gudun mil, kuma kili ko na uku ba zai zo ba. Aka yi mini ca. Wani ya ce sanyin asuba ne ya taɓa mini kai. A gajeren gudun kuma na zaɓi wani ɗan aharas mai faɗin ƙirji da na ga yana tashi kamar an tsikare shi.

Asabar bayan azahar fili ya cika. Motocin manya a jere, masu kalangu da maroƙa na bin iyayen gidansu, masu rake da masu ruwan leda na ratsa mutane, 'yan Nijar sun yi rukuninsu guda suna ta zuba Hausar Maraɗi. Kawu bai bari mun nemi wurin zama ba, ya ja ni inda ake ɗaura sirdi, ya ce nan ne kallo na ƙarshe, kuma wani lokaci yakan rushe duk abin da aka gani cikin mako. Dokin da ya jiƙe sharkaf tun ba a hau shi ba, farar kumfa na fita tsakanin cinyoyinsa, ya riga ya yi rabin gudunsa a tsaye. Wanda ya yi lakwas, kunnuwa a saki, ido a lumshe, shi ma ba alheri ba ne. Ana son wanda ke tafiya da ƙarfi, kunnuwa na motsi gaba da baya, fata na sheƙi, yana sane da taron amma taron bai ɗauke masa hankali ba.

Gajeren gudun aka fara, kuma ban daɗe ina fata ba. Lokacin da aka sauke tuta aharas ɗina ya juya gefe yana faɗa da na kusa da shi, kafin mahayin ya daidaita shi sauran sun ba shi tsawon doki huɗu. A mita 1,000, gudun da ko dawakin Turawa minti guda suke yi a cikinsa, babu lokacin biyan irin wannan bashi. Ya zo na biyar. 'Yan majalisarmu da ke bayana suka fara tambayar lafiyar dokin tun a nan. Kawu ya ce laifina ne rabi: duk safiyar da muka je, ban taɓa tsayawa na ga yadda yake yi in an jera shi da wasu ba, kullum shi kaɗai na gani.

Da aka fito da na mil, kilin ya fito yana rawa, wuyansa ya yi baƙi da gumi, jama'a na ta sowa. Bidin na tafiya abinsa. Sai akawal, kuma sai da na sake dubawa don in tabbatar shi ne. Dokin da na gani yana wurga kai kwana huɗu da suka wuce, yanzu ya sunkuyar da wuya yana tauna linzami a hankali, mutumin Damagaram na zaune a kansa hannuwa a ƙasa kusa da geza, kamar ba ya riƙe da komai. Gabana ya faɗi. Na waiwayi Kawu, ya kawar da kai yana gyara rawani.

Aka sake su. Kilin ya fice kamar yadda kowa ya zata, kafin kwanar farko ya ba su tsawon doki biyar, fili ya ɗauki ihu. Bidin na na uku, akawal na can baya manne da gefen ciki, dandan na tsakiya. Suka bi ta can nesa inda ƙura ke hana gani sosai, sai kawuna da launin riguna. Da suka doso kwanar ƙarshe na ga abin da Kawu ya sa ni ƙirgawa da asuba: kan kilin ya fara ɗagawa sama, takunsa ya gajarce, mahayin ya fara sa bulala tun da sauran tafiya. Bidin ya zo ta waje ya wuce shi kamar an ɗaure shi a turke. Ban san lokacin da na fara tsalle ina kiran bidi, bidi ba, har hulata ta faɗi. Saura kamar mita 100, sai ga baƙin abu ya ɓullo ta ciki, ta ɗan ramin da kilin ya bari da ya buɗe a kwana. Mahayin bai ɗaga bulala ba ko sau ɗaya, hannu kawai ya tura gaba. Suka iso tare, akawal ya sha gaba da wuya guda.

Kilin ya zo na shida cikin takwas. Dandan ya shigo na ƙarshe yana ɗingishi a fili, mahayin ya sauka ya ja shi da hannu.

'Yan majalisa ba su san yadda za su yi da ni ba. Dokina bai ci ba, amma duk cikinsu babu wanda bai zaɓi kili ba. Wanda ya ce sanyi ya taɓa mini kai ya miƙo mini hulata ya kaɗe mata ƙura, ya ce, "To, malam, na biyu dai ba na ɗaya ba ne," amma muryar ba ta da ƙarfi.

Na sami Kawu na ce, "Kawu, ka san akawal ne tun farko, ka bar ni."

Ya ce, "Ban sani ba sai jiya da magariba. Ran nan da ka rubuta ba ya jin linzami, ni abin da na gani doki ne da ya yi gudu shina faɗa da yaro, ya kuma huce kafin minti biyar. Hannun yaron ne ke da nauyi, shina cutar masa baki. Da an bar yaron a kansa, bidinka ne. Kai ma ka ji an canza mahayi, mi ka yi da labarin?"

Na ce ban yi komai ba.

Bai ƙara magana a kai ba. Mutane na ta rububin zuwa wajen da ake ba da kofi, maroƙa sun kewaye mai akawal, shi kuwa ya ja ni ta bayan rumfa inda ake zagayawa da dawakin da suka gama. Akawal na tsaye an zuba masa ruwa, cikinsa na bugawa da ƙarfi, ya ba da duk abin da ke gare shi. Bidin kuwa ɗan Maraɗin da ke riƙe da shi sai fama yake, dokin na jan sa zuwa wajen wani dami na harawa da aka ajiye a gindin mota. Kawu ya sa ni na ƙirga numfashinsa na minti guda, na faɗa masa, ya sa na ƙirga na akawal. Sannan ya tambayi yaron ko za su kai shi Kano ko Damagaram nan gaba, yaron ya ce sai abin da Alhaji ya ce. Kawu ya ce, "Ka ce ma Alhajinku in ji wani tsoho, mil ya yi mashi kaɗan. Shi rubuta shi a dubu biyu."

Na buɗe littafin, na soke layin da na yi a kan akawal, a gaban bidi kuma na rubuta 2,000. Kawu ya riga ya yi gaba wajen da na ajiye babur, yana cewa in yi sauri kada magariba ta same mu a hanya.